Ƙunshin Inna Kaltuma na Masu Fasa Dutse

Da an sallame sallar asuba a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, tabarya ta farko da ake jin muryarta ita ce ta gidan Inna Kaltuma. Kafin rana ta leƙo kan ganuwa ta surfe gero, ta ɓarza, ta ɗora madambaci, zogale na gefe yana tsanewa a kwando. Sannan ta baje tabarma, ta jera ƙore da fayafayansu, ta zauna ɗaurin abincin rana na mutanen da ba ita ta haifa ba, yawancinsu ma ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Haka muka taso muka same ta. Bana gwiwa ta ƙi, hannu ya daina ɗaga tabarya, ta miƙa aikin ga surukarta Ramlatu. Shi ya sa muka ga bai kamata a bar ta ta zauna shiru ba a faɗi ko wace ce ita ba.

Abin ya faro ne daga ƙwarya ɗaya. Mijinta, marigayi Suma'ila, magini ne. Da Nasara suka zauna da gindinsu a Damagaram suka shiga gina bariki da ofisoshinsu, aka sa shi cikin masu ɗora tubali. Kullum takan ɗaura masa dambu da ƙuli ya tafi da shi. Sai ta lura da magariba yana dawowa ya auka wa tuwo kamar wanda ya wuni da azumi. Ta ƙara masa dambun, bai canza ba. Ta tsare shi da tambaya, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya faɗa mata gaskiya: akwai mutanen ƙauyukan Guna da Zermu da aka kwaso aikin tilas suna fasa dutse, gumbar da suka taho da ita daga gida ta ƙare, abin da ake ba su a wurin aiki kuwa ko kaza ba zai ƙosar ba. Shi kuma ba ya iya buɗe ƙwarya ido na kallonsa.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ce, "Ashe ni kaɗai ka mayar marowaciya, Malam. Gobe ka ƙirga mini bakunan."

Ɗaurin abinci ma gwaninta ne, kuma duk Birni ba wanda ya kai ta. Ta san miya ba ta kai azahar a zafin ranar Damagaram, don haka ba ta ɗaura abu mai ruwa. Dambunta washar-washar yake, man gyaɗa kaɗan, yaji da gishiri a ƙulle daban cikin ganye, domin bakin kowa da irin nasa. Fura takan dama ta da kauri a gora, ta naɗe goran da jiƙaƙƙen tsumma, sai a buɗe ta da sanyinta rana na tsakar ka. Tahiru mai jakin ruwa shi ke ratayawa ya kai, shi ke kawo mata labari: wane ciki ya ɓaci, wane ya ji rauni a yatsa ba ya iya cin abu da hannun dama. Washegari sai ka ga ƙullin sassaƙen maganin ciki a gefen ƙwaryar wancan, ludayi a cikin ta wannan.

Da Suma'ila ya rasu kowa ya ɗauka abin ya ƙare. Ranar da ta fita takaba, ranar tabarya ta dawo.

Ke ce uwar wanda uwarsa ke nesa, Inna. Ke ce inuwar da ke bin mutum har bakin dutse.

Nomau, manomi daga Guna, yana nan da ransa, ya ba mu labari da bakinsa. Ya ce a shekarar da fara ta cinye gonaki aka kawo shi aikin hanya, yunwa ta kai shi har yana ganin mutum biyu a wurin ɗaya. Ya ƙulla a ransa zai gudu, ko da yake ya san in ya gudu ƙanensa za a kamo a madadinsa, ƙanen da shi kaɗai ya rage yana riƙe da gona da tsohuwarsu. Ran da ya shirya tafiya Tahiru ya miƙa masa ƙwarya. Ba gero sosai a ciki, dusa ce da tafasa da yaɗiya, domin a shekarar ita kanta Inna tasoshin aurenta ta fitar ta musanya da hatsi. Amma an tsare abin da kyau, an ɗaure shi kamar na ɗan gata. Nomau ya ce ya daɗe yana kallon ɗaurin kafin ya kwance. Ya ci, ya koma ya ɗauki gudumarsa, ya cika wa'adinsa, ƙanensa bai taɓa sanin abin da ya kusa samunsa ba.

A wannan shekarar kuma aka kawo wani sabon gardin kumandan, wato ɗan sandan Nasara mai tsaron ma'aikata, baƙo daga can yamma mai nisa, ya hana shiga da abinci, wai yana sa mutane zaman banza. Ya koro Tahiru da kayansa. Inna ta yafa mayafi ta bi jakin da ƙafa har wurin aiki, ta zauna gindin gawo. Da gardin ya taso mata da bulala a hannu, ta dube shi ta ga leɓɓansa sun bushe, wando na zame masa a ƙugu. Ta tambaye shi, ta bakin wani mai jin yarensa, me ake ci a garinsu. Ya ce shinkafa da miyar gyaɗa.

"Shinkafa ba ni da ita, ɗana," in ji ta, "amma gyaɗa ba ta gagari Damagaram ba."

Washegari cikin ƙoren akwai ɗaya ta gardin, da ɗan tulun miya a rufe daban, abin da ba ta taɓa ɗaura wa kowa ba. Gardin ya bar ta a ƙasa har rana ta karkata. Masu fasa dutse sun ce daga baya sun hango shi bayan tarin duwatsu, ya ba su baya yana ci. Bai sake koro jakin ba har aka canza masa wuri.

Inna Kaltuma, ba a taɓa kiran sunanki a fada ba, maroƙi bai taɓa tsayawa ƙofarki ba. Amma daga Guna har Zermu akwai magidanta da jikokinsu ke wasa a gabansu yau saboda kin hana su faɗuwa. Mun gode. Allah ya jiƙan Suma'ila, ya ba ki sauƙin gwiwa, ya ciyar da ke daga abincin Aljanna.

Ku kuma matan Birni da na Zango, aikin tilas bai ƙare ba, kuma hannun Ramlatu biyu ne rak. Duk mai murhu tana iya ɗaukar baki ɗaya. Wanda kuwa ya taɓa cin ƙunshin Inna, ya sani tana nan zaune a tsakar gidanta, yanzu ita ce mai jiran a kawo. Ku je mata da azahar, kada ku aika, ku kai da hannunku. A dafa ya yi laushi, haƙoran sun tafi. In ta ce yajin ya yi yawa, ku yi haƙuri ku zauna, za ta koya muku.