Buta guda ta raba ni da mai neman aurena

Jiya wani dattijo daga Dandin Mahe ya zo neman aurena, har da goro. Da La'asar ta yi nab ba shi buta, yat tsuguna alwala yat tuttule ruwan duka bisa ƙasa.

Ga hwari, rijiyarmu ta ƙahe. Ni ko ruwan wanke-wanke gindin mangwarona nika zubawa don kar shi mutu.

Nac ce, "Malam, ba ka ga gindin icce ba?"

Yac ce, "Hajiya, icce na salla?"

Nac ce, "Bai yi, amma shina ba ni inuwa. Kai mi za ka ba ni ban da ƙarar min da randa?"

Nam maida mai goronai, mangwarona ya hi. Jama'a, na yi laihi?