Motar Odell a Bayan Shingen Hagu

A garinmu idan aka ce "bayan shingen hagu", ba mai tambayar wane shinge. Na tsohon filin besbol na jami'a ake nufi, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, kuma duk wanda ya taɓa zama a can ya san Odell Pettway.

Odell makaniki ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana gyaran motocin ɗaukar 'yan makaranta a nan arewacin jihar Misisipi ta Amurka. Dogo ne siriri, mai sanyin magana, kuma baƙin mai bai taɓa barin farcensa ba ko ranar Lahadi da yake rera waƙa a coci. Bai yi jami'a ba. A zamanin ƙuruciyarsa ma baƙar fata ba ya shiga rumfar 'yan kallo, saboda haka mahaifinsa yakan jawo motar auduga ya tsayar a bayan shinge, su hau sama su yi kallo daga nesa. Da aka buɗe ƙofa ga kowa, 'yan'uwansa suka shiga suka zauna a benci. Shi ma ya shiga sau ɗaya, ya dawo ya ce wa matarsa Vernice daga can ba a jin abin da 'yan wasa ke faɗa wa juna. Ya koma inda ya saba.

A 1974 ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura mai shimfiɗaɗɗen baya. Ya ciro kujeru daga motar makaranta da aka yar, ya yi musu walda hawa uku, ya raba durom biyu ya mayar da shi murhun gashi. Kowane watan Fabrairu yakan kai ta bakin shinge, ba ta dawowa gida sai Yuni. Da injinta ya mutu ma bai damu ba, sai ya riƙa aron tarakta yana jan ta. Kafin a ce me, wasu sun kwaikwaye shi, motoci da tireloli sun yi layi har kusurwa. Ranar wasa hayaƙi ya kan turnuƙe wurin, ƙamshin kaji da tarwaɗa da naman barewa ya shiga har tsakiyar fili. Ɗan wasan ƙungiyar da ta zo karawa da mu da aka tsayar a ɓangaren hagu shi ke shan wahala: su yi ta tsokanarsa, su tambaye shi ko uwarsa ta san ya fito, amma ana tashi sai Odell ya miƙa masa faranti shaƙe da nama ta saman shinge.

A shekara ta biyu ne Harlan Tubb ya zo ya ajiye tirelarsa dab da motar Odell, har ta goge masa madubi. Harlan farar fata ne, mai shagon iri da taki, gajere mai tumbi, muryarsa kamar lasifika. Bai ba da haƙuri ba. Ya zo aron gawayi, ya tsaya yana leƙen naman da ke wuta, sannan ya ce, "Kai makaniki, kana ganin kocin futbol ɗin nan namu zai kai Kirsimeti?"

Watan Afrilu ake ciki, saura wata biyar a fara futbol, ƙwallon Amurka da ake ɗauka a hannu. Odell ya juya kazarsa, ya ce a bar mutum ya yi shekara huɗu, yaran da ya ɗauko su girma tukuna.

"Shekara huɗu?" in ji Harlan. "Ni ko kaji ba zan ba shi ya yi min kiwo na wata huɗu ba."

Daga ranar suka kama musun da ba su gama ba. Idonsu na kan besbol, bakinsu na kan futbol. Harlan yana son kocin da zai sa a riƙa jefa ƙwallo nesa, ko a ci ko a faɗi. Odell yana son mai haƙuri, wanda zai tara ƙarti a gaba su ture, a rungume ƙwallo a matsa gaba taku-taku. Duk kocin da aka kawo, Harlan yakan so shi mako biyu, a na uku ya ce a kore shi. Odell kuwa yakan kare mutum har ranar da aka sallame shi, sannan ya ce da an ƙara masa shekara ɗaya da an ga abu. Koci tara suka wuce ta bakinsu. Sau ɗaya tak suka yarda da juna, lokacin da wani koci ya gudu zuwa babbar jami'a bai ko yi wa yaransa sallama ba. Ranar suka zauna shiru tun farkon wasa har ƙarshe, Vernice ta ce ita ta ɗauka rasuwa aka yi.

Abin mamaki, fiye da shekara ashirin ba wanda ya taɓa taka gidan wani. Abotarsu a bakin shinge take farawa, a nan take tsayawa. Sai da Vernice ta rasu, a wata bazara, Odell ya waiga a coci ranar jana'iza ya hangi Harlan a bencin baya, shi kaɗai fari a cikin jama'a, ya matse cikin kwat yana sharce gumi. Da aka fito ya riƙe hannun Odell ya daɗe bai saki ba. Sai ya sunkuyo ya raɗa masa cewa sabon mai jefa ƙwallon da koci ya ɗauko, ko shago bai iya jifa ya samu ba. Odell ya yi dariya, ta farko a cikin kwana tara. Tun daga nan Harlan da matarsa Loretta suka riƙa aiko masa da abinci ranar Laraba.

Shekaru suka ja, sai jami'a ta sanar za ta rushe filin ta gina sabo. Za a kwashe motoci, a zuba kankare, kowa a ba shi dandamali mai lamba. Aka kira taro a ɗakin wasanni. Odell, wanda bai taɓa magana a taro ba, ya miƙe da hularsa a hannu. Ya ce ya zaga filaye da yawa a kudu, ya ga masu allon talabijin kamar gida, amma bai ga inda ɗan wasa zai juyo ya tambayi ɗan kallo lafiyar ƙafarsa ba sai nan. Aka yi masa tafi sosai, aka gode masa, aka ci gaba da abin da aka shirya.

Wasan ƙarshe ranar wata Lahadi ce a Mayu. An ci mu shida da biyu, ba wanda ya kula. Mutane suka riƙa yankar ciyawa suna zubawa a kofi don tunawa. Washegari da safe Odell ya ja motarsa da tarakta ya bi ta tsakiyar gari a hankali, Harlan na biye da shi yana danna hon. Ya ajiye ta bayan gida ƙarƙashin itacen pikan, ya rantse ƙafarsa ba za ta taka sabon filin ba.

A hunturun da ake ginin ne Harlan ya faɗi a shago. Shanyewar ɓarin jiki. Ya rayu, amma ƙafa da hannun dama sun tafi, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita. Odell yakan je ya zauna kusa da shi ya karanta masa shafin wasanni, Harlan ya riƙa buga hannun hagu a kujera duk inda bai yarda ba.

Aka buɗe sabon fili, Odell ya cika rantsuwarsa wasa goma sha ɗaya. Sai Loretta ta kira shi ta ce Harlan na son zuwa, kuma ita ba za ta iya tura keken guragunsa ba. Odell ya fara yi mata bayanin kankare da lambobi. Ta bar shi ya gama.

"Odell," ta ce, "ko da motarka na nan, ta ina zai hau ta?"

Ranar Asabar da azahar ya zo ya ɗauke su.

Bai so ya yaba komai ba, amma hanyar keken a shimfiɗe take tun daga mota har dandamalinsu, ga inuwa, ga banɗaki kusa. Ya tsayar da Harlan a gaba, inda yake ganin fili duka. Can wajen zagaye na uku Harlan ya ja hannun rigarsa. Odell ya kai kunne, ya jira har maganar ta fito.

"Ina... hayaƙi?"

Mako na gaba Odell ya kwance durom daga tsohuwar motar, ya kankare tsatsa, ya kawo shi. Mai gadi ya ce sai murhun da jami'a ta amince da shi. Odell ya ce wannan ya girmi mai gadin da shekara ashirin, ya wuce. Ba a sake yi masa magana ba.

Kakar wasa biyu Harlan ya ƙara gani a wurin, ya rasu a watan Agusta, saura mako biyu a fara futbol.

Yanzu Odell yana da tamanin da ɗaya. Wasan Lahadi kawai yake zuwa, daga coci ya biya ya ɗauki Loretta. Idan aka tambaye shi sabon fili yakan ce ruwa ba ya kwanciya a ciyawarsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, daga nan ya sauya zance. Loretta ba ta san komai a futbol ba, wake take kawowa ta riƙa ɓarewa a cinya. Yakan yi mata dogon bayani a kan koci na yanzu, ta ce haka ne, har ranar da ya gaji ya ce don Allah ko sau ɗaya ta ce ba haka ba ne. Ta yi tunani, ta ce ita dai ba ta son yadda mutumin yake tauna cingam a talabijin.

Ba sa jiran ƙarshen wasa. A zagaye na takwas cikin tara Odell yakan kashe wuta, ya raba sauran naman ga maƙwabta, su fita kafin hanya ta cushe, don idonsa ya daina son tuƙi idan rana ta yi ƙasa.