Sanƙon Gidanmu da Maganar Taubashi

Abubuwa da yawa sun faru da ni sun wuce, amma abin da ya sami ƙanena a kan maganin sanƙo zai bi ni har kabari. Zan faɗe shi daki-daki yadda ya faru, domin ba na son labari a hargitse.

Mu mutanen Djougou ne. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauke kaya a garin, ba su ƙara ɗauka ba. Abin da muka gada daga wurinsu shi ne kasuwanci da sanƙo. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kansa fes yake kamar bayan ƙwarya, haka baffanmu, haka ni. Ba wanda ya taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo. Mutum ya je wurin wanzami a kwashe ɗan abin da ya rage, ya kifa hularsa, magana ta ƙare.

Ƙanena shi ne ya ƙi yarda. Direba ne, yana jan taksi tsakanin Parakou da Djougou, ya kama gida a unguwar Tourou ta Parakou. Ba ya sa hula sai ranar Juma'a, kuma wurin kwafar, mai askin zamani, yake zuwa a gyara masa gaban goshi. Ya auri yarinyar da yake so tun suna yara, mai ɗinki, mai kunya da haƙuri. Bai daɗe da auren ba gashin ya fara ja da baya.

Muna da taubashi, ɗan goggonmu, mai sayar da kayan babur a Parakou. Kowa ya san hukuncin taubashi. Duk abin da ya faɗa ba a fushi, kuma ba a riƙe shi, wasa ne. Shi ya fara sa wa ƙanena ido. Da ya hango shi sai ya kare fuska da hannu ya ce, "A kashe fitilar nan, tana kashe mini ido!" Ƙanena ya ce, "Rufe mini baki, bawa." A yi dariya a watse. Ashe abin yana cinsa.

Wani fasinja ne ya ba shi labarin wata ƙwaya da ake sha kullum, gashi ya tsaya. Bai je wurin likita ba, wani mai kawo kaya ya samo masa. Kuma gaskiya ita ce maganin ya yi aiki. Da ya zo gida Babbar Sallah, kansa ya cike, baƙi wuluk, yana ta shafawa kamar wanda aka yi wa kyautar sabon doki.

Bayan an ci tuwon rana muka zauna a zaure, ni da shi da baffanmu da taubashin da wasu 'yan uwa. Nan aka tayar da maganar. Baffa ya ce shi bai ga dalilin da mutum zai yi gardama da halittar Allah ba. Ƙanena ya ce, "Baffa, ai kai ma kana sa tabarau." Aka yi dariya, har Baffan. Ni kuma na tambaye shi abu uku a jere: wa ya rubuta masa, har yaushe zai sha, kuma me zai faru idan ya bari. Ya ce ba wanda ya rubuta, sha kuma har abada ne, in ya bari gashin zai zube. Na ce maganin da ba shi da ranar gamawa ban yarda da shi ba. Ya ce, "Yaya, Turawa da yawa suna sha, ba abin da ya same su."

Sai taubashi ya gyara zama. Ya ce, "Ubangidana, wannan ƙwayar na san ta. Tana cika sama ta kwashe ƙasa. Za ka samu gashi, amarya ta rasa miji."

Zauren ya kece da dariya. Wani har da buga cinya.

Taubashin ya ce, "Wallahi ba wasa nake ba."

Dariyar ta ƙaru, don kullum da haka yake fara ƙaryarsa. Sai ya cire hularsa ya nuna nasa kan, ya ce, "Ni na sha ta. Na ga abin da ta fara yi mini, na zubar da sauran a masai. Ku dubi kaina, ai da gangan na bar shi haka."

Ƙanena ya ce, "Kai dama can ba ka da komai, kada ka ɗora wa magani." Aka sake fashewa. Baffa ya ɗaga hannu ya ce wannan ba zancen zaure ba ne, a bari. Aka bari. Na kalli fuskar taubashin a lokacin, na ga ba ya dariya, amma na ce a raina ya ƙware ne kawai a wasansa.

Ku lura da yadda muke. Ni babban wa ne, ba zan iya tambayar ƙanena abin da ke tsakaninsa da iyalinsa ba. Baffa uba ne, shi ma ba zai iya ba. Mutum ɗaya tak al'ada ta ba shi bakin faɗin irin wannan magana a fili, kuma shi ne mutumin da al'adar ta ce kada a ɗauki maganarsa.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Da farko ƙanena ya rage fara'a. Sai ya fara sauke fasinja a tashar Djougou ya juya ba tare da ya leƙo gida ba. In na kira shi na ce, "Lafiya kake?" sai ya ce, "Lafiya lau, Yaya." Bayan damina matarsa ta zo wurin maiɗakina tana kuka. Ta ce ya daina shiga ɗakinta, in ta yi magana ya juya mata baya, ita dai ta tabbata ya ga wata a hanya. Mata suka ce sammu ne. Aka karɓo rubutu, aka aika kasuwar Partago aka sayo saiwoyi, ya sha duka. Duk wannan lokacin kuma yana haɗiyar ƙwayarsa kowace safiya. Daga baya ya gaya mini ya daɗe da zarginta, amma in ya tuna zauren nan da dariyar da ya yi, sai ya kasa bari. Gani yake in gashin ya zube, kowa zai gane maganar taubashi ta tabbata.

Taubashin ne ya zo shagona da rana tsaka, ya zauna bai tsokane ni ba. Ya ce, "Yaya, ka kai shi asibiti. Na faɗa masa a tasha, na faɗa masa a gida, duk dariya yake mayar da ni." Ran nan ne karo na farko da ya kira ni Yaya.

Na je Parakou na ɗauki ƙanena zuwa asibiti, ban tambaye shi komai a hanya ba. Likitan ya ce in fita, ƙanena ya ce in zauna, ya sunkuyar da kai ya faɗi komai a gabana da Faransanci, don Hausa ta yi masa nauyi. Likitan bai ɓoye mana ba. Ya ce yawancin masu sha ba ta taɓa su. Wasu tana rage musu ƙarfi ko ta jefa su cikin baƙin ciki, in sun bari su dawo daidai. Wasu kaɗan kuma suna cewa abin bai sake su ba ko bayan sun bari, kuma su kansu likitoci ba su gama daidaita baki a kai ba, domin tsoro da damuwa ma suna iya yin haka. Na ce, "To, shi a cikin waɗanne yake?" Ya ce, "Alhaji, sai lokaci ya nuna."

Ƙanena ya bar maganin. Gashin ya zube kamar yadda ya faɗa, har ya fi na da. Abin da muke jira ya dawo bai dawo ba. Aka yi ta gardama a gida, wasu na cewa ƙwayar ce, wasu na cewa zuciyarsa ce ta karye, Baffa na cewa jarrabawa ce. Ni har yau ban san mai gaskiya ba, kuma sanin ba zai mayar da komai ba.

Matarsa ta yi haƙuri iyakar yinta. Da ta ji ainihin dalilin ma cewa ta yi za ta zauna. Shi ne ya kasa haɗa ido da ita. Wata safiya ya kai ta gidan iyayenta da kansa, ya ce ba zai tsare 'yar mutane da ƙuruciyarta ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, Baffa ya taka har Tourou da tsufansa. Bai janye ba. Yanzu tana wani gidan da 'ya'yanta.

Ya bar tuƙi, ya dawo Djougou, yana zama a shagona. Yana sa hula kullum, ko a cikin ɗaki. Yana auna yadi daidai, yana sallah a kan lokaci, amma in ba a yi masa magana ba zai wuni bai ce komai ba.

Da wata Sallar ta zagayo taubashin ya zo gaisuwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya juya ya miƙa wa ƙanena hannu ya ce, "Ina wuni, an yi Sallah lafiya?" kamar wani baƙo. Ƙanena ya riƙe hannun ya daɗe, ya ce, "Bawa, yau ba za ka ce a kashe fitila ba?" Taubashin ya tashi ya fita. Tun daga ranar ban ƙara jin wasa tsakaninsu ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa 'ya'yana maza, waɗanda su ma goshinsu ya fara faɗi. Kada su haɗiyi abin da likita bai duba su ya ba su ba, kuma su tambayi abin da zai iya ɗauka kafin su tambayi abin da zai bayar. Sannan in mai wasa ya cire hularsa ya ce ba wasa yake ba, a ja shi gefe a saurare shi. Mu dariya muka yi, kuma ga ƙanena can a bakin shago, yana kallon hanyar Parakou.