Ruwan Kadif mai tafiya ya dawo

A daminar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko, wata ranar Juma'a bayan an ɗauke ruwa, Baba Maijirgi ya tara mu a bayan rumbun gero, ya gina mana birnin Kadif da laka. Ƙanen kakana ne. Tun yana saurayi ya bar garinmu Gecheme ya faɗa Ikko, ya sami aikin zuba gawayi a wutar jirgin ruwa, jirgin kuma ya yi ta kai shi wannan birni na ƙasar Wales. Ya dawo gida da furfura da tari, ba mata ba ɗa, sai labari.

Ranar ya ɗora ganuwar tsohon gidan sarautarsu, ya kafa karan dawa a matsayin hasumiyar agogo, ya samo jar ƙasa ya yi jan ginin da ke bakin ruwa. Toka ya barbaɗa a gefe, wai tsibin gawayin da ake lodawa jirage ne. Mu da aka aika yankan ciyawar awaki muka manta da lauje.

Tsofaffi sun haƙura da duk wannan, ban da abu guda. Ya ce kullum ruwan Kadif yakan janye har a ga ƙananan jirage zaune kan taɓo, sannan ya dawo da kansa. Arzika, sa'ansa, ya yi dariya har da hawaye. "Ruwa shi tahi shi komo awa bisa ta tahi kiwo? Maijirgi, doguwa ta taɓa ka!" Daga nan ko farashin gero ya faɗi a kasuwa, sai a ce ruwan Kadif ne, zai komo. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya daina zama gindin gawo inda tsofaffi ke hira, ya koma sai mu yara yake ba labari, har ya rasu.

Bara ɗana ya nuna mini birnin a waya. Ga ganuwar, ga agogon, ga jan ginin. Ya karanta mini cewa da can ruwan yana janyewa, amma yanzu an yi madatsa an tsare shi. Na yi murna, na kuma ji ciwo. Na hau mota takanas daga Dogon Dutsi zuwa Gecheme na sami Arzika, ya tsufa tukuf, yana kwance kan tabarma. Na ce, "Baba, ashe Maijirgi gaskiya ya faɗa." Ya dube ni ya ce, "Wane Maijirgi?"

Yau yaro yana iya ganin teku a tafin hannunsa. Shi Baba Maijirgi mutum ɗaya kawai ya nema ya yarda da shi, bai samu ba.