Maɓallan da kwamfuta ba ta sani ba

Shekarar da idon yayana ya fara rauni a Matankari, abu ɗaya ya roƙe ni: in buga masa waƙoƙin wa'azin da mahaifinmu ya bari da ajami, da manyan haruffa, ya karanta da kansa kafin duhu ya rufe shi. Boko bai sani ba.

Na sa aka sayo mini kilabiye daga Sakkwato, wato allon maɓallan kwamfuta, mai haruffan Larabci, har da namu masu ɗigo uku da Larabawa ba su da su. Na kai shi shagon buga takardu a Dogon Dutsi, wurin ɗan wani maƙwabcina. Bismillah ta fito lafiya lau. Da muka shiga Hausa, duk maɓallin namu da ya taɓa sai akwati ya fito, babu komai ciki.

Ya ce, "Baba, maɓallin na nan, tsarin kwamfutar ne bai san shi ba. Sai masu ita sun turo gyara."

Na ce, "Yaushe?"

"Allah masani. Ku bar wanga ajami mana, Baba, ko limaminmu da boko yake rubutu."

Sai ya murƙushe takardar da ta lalace, ya jefa kwandon shara a kan ɓawon gyaɗa. Da Bismillah a samanta. Na tsuguna na tsamo ta, ita da 'yan'uwanta. Na ce masa a gidanmu takarda mai sunan Allah ƙona ta ake yi a binne tokar, kuma uban da ya haife shi ya san haka. Na ɗauki kilabiyena na fita.

Da na koma masa a farkon damina, ya sake gwadawa. Akwatuna. Bayan girbi ma haka. Na fiƙe alƙalamin kara mai faɗi na fara kwafa da hannu, amma hannuna rawa yake yi yanzu, shafi guda kan cinye mini yini.

Gyaran ya iso daga baya. Wasu mutane can nesa, da ba su taɓa jin sunan Arewa ba, sun tuna da mu lokacin da suka ga dama. Haruffan sun fito tsaf, kowanne kamar ƙwayar dabino. Na kai Matankari. Yayana ya shafa takardun da tafin hannu, ya matso da su har hancinsa, ya miƙo mini.

Ya ce, "Karanta mini, ƙanena."

Na yarda da abin da Allah ya hukunta a kan idonsa. Amma wanda ya sayar da maɓalli kafin a koya wa na'ura shi, har yau ban huce da shi ba.