Ruwan Auta

Har yau in na shiga kanti na ji ƙamshin sabulun magani, irin mai warin asibitin nan, sai na kawar da kai. Ba wai na tsani sabulun ba ne, bai yi mini komai ba. Yana dai mayar da ni barandarmu ta Karu, gaban kurfotin kakarmu Iya, a shekarar da ƙanena Mubarak bai ga damina ba.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, Abuja tana ta kumbura kamar ƙullin da ya ji yis. Duk inda ka waiga gini ake yi, tifa na wucewa da yashi. Babanmu yana aiki a wata ma'aikatar tarayya a cikin gari, amma kwana a can ya fi ƙarfinsa, sai muka kama ɗaki biyu da baranda a wani gidan haya a Karu. Tun duku-duku yake fita don ya riga gosulo, ya dawo bayan magariba da taye a aljihu. Mutanen garinmu kuwa, da suka ji yana Abuja, sai suka ɗauka shi ke raba aiki. Ba a raba mu da baƙi. Wannan ya zo neman leburanci, wancan ya zo da takardunsa a leda, kuma duk a barandarmu suke ci suke kwana.

Iya mahaifiyar Baba ce. Jinyar ido ta kawo ta, ta ga jikoki ta ƙi komawa. Ba ta yarda da risho ba, ta ce tuwon da aka tuƙa a kansa kananzir yake wari, dole aka sayo mata kurfoti da buhun gawayi. Da yake lantarki a unguwarmu baƙuwa ce mai leƙowa ta gudu, garwashin Iya ne fitilarmu bayan an ci tuwo. Mu kewaye shi, ni da Yaya Nura da 'ya'yan maƙwabciyarmu Maman Ladi. Mubarak kuwa cinyarta ce kujerarsa, domin shi ne auta, shi ne kuma “maigidanta.” In ya ƙi cin abinci ta ce za ta sake shi ta auri mai gawayi, ya fashe da kuka, mu fashe da dariya. Baba ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Ma'aikaci.

Kafin a kai ga tatsuniya akwai dokar kwano. Wani kwanon samira ne da fentinsa ya ɓantare, a ciki kowa ke wanke hannu kafin cin abinci, kuma bisa girma ake bi. Iya ce farko, sai Baba, sai baƙi, sai Umma, sai Yaya Nura, sai ni, sannan Mubarak. Ban taɓa ganin an tsallake wani ba.

“Ruwan da ya bi hannun manya albarka yake ɗauka,” in ji Iya. “Shi ya sa auta ke ƙarshe, shi ke kwashe ta duka.”

Mubarak kan ji daɗin wannan magana ƙwarai. Ya tsoma hannuwansa har gwiwa, ya ciro, ya kai babban yatsa baki, don shi mai shan yatsa ne. Abin da ke cetonmu a da shi ne Umma. In kwanon ya iso kanmu ta ga ruwan ya sake launi, sai ta faki idon Iya ta watsar ta zubo sabo. Iya na gani, ta yi ƙunƙuni, ta kawar da kai.

Duk da haka cikin Mubarak ba ya zama lafiya. Yau ya tashi garau, jibi gudawa ta kwantar da shi. Abin yana cin Baba a rai, ko da yake ba mai faɗar damuwarsa ba ne. Wata rana ya dawo da ɗan kwalin sabulu a hannu yana murmushi, irin murmushin wanda ya samo bakin zaren. Ya ce tallarsa ake ta yi a rediyon mota, kuma shi ogansu ke amfani da shi a gidansa.

“Inna, wannan medicated ne,” ya ce wa Iya. “Duk wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, kashe ta yake yi. Daga yau a ajiye wancan baƙin abin.”

Baƙin abin shi ne sabulun salon Iya, wanda take dunƙulawa ta naɗe a tsumma. Ta karɓi sabon ta sunsuna, ta yatsine fuska.

“Wannan ai warin ɗakin haihuwa yake. Da salo na wanke ka, ga ka nan har da taye.”

Daga ranar aka ja daga. Baba ya ajiye nasa a gefen kwano, Iya ta ajiye nata a ɗaya gefen, kowa na kallon wanda baƙo zai ɗauka. Mu yara na Baba muke so saboda kumfa. Gida ya rabu biyu a kan sabulu, ba wanda ya dubi kwanon da ke tsakani.

A wannan tsakanin ne Iya ta fito da tatsuniyar Dogarin Ƙamshi, kuma ko yaro ya san da wa take. Tana da nata salon buɗewa. Ta tona garwashi da tsinke, ta ce, “Ga ta nan ta taso daga nesa, ƙafarta duk tabo.” Mu amsa, “Ta zauna ta huta mu ji ta.”

Wai a wani gari ne Mutuwa ta saba shigowa ta babbar ƙofa, ta ɗauki wanda ta ga dama. Mutanen gari suka gaji da haƙa kabari, suka aika can wata ƙasa aka ɗauko musu wani ƙaton dogari mai mashi, jikinsa na tashin turare tun daga nesa. Aka tsayar da shi a ƙofa. Mutuwa ta zo ta hango shi, ta ji ƙamshi, ta juya. Gari ya ɗauki guɗa. Daga nan kowa ya saki jiki, masu gadi suka koma barci, magina suka daina liƙe ganuwa, tunda ga dogari. Ita kuwa Mutuwa ba ta yi nisa ba. Ta zaga bayan gari tana dube-dube, har ta ga rariyar da ruwan wanke-wanke ke bi. Sai ta ƙanƙance, ta ƙanƙance, ta koma kamar tsutsa.

A nan Iya kan rage murya, ta matse Mubarak a jikinta. “Wanda ya shigo ta rariya ba ya ganin dogaye,” takan ce. “Na kusa da ƙasa yake gani.”

Amma tatsuniyar ba ta ƙarewa da kuka. Akwai wata tsohuwa a garin da kowa ya raina, ita ce ta hango tsutsar, ta cire tsumman ɗankwalinta ta toshe rariyar, gari ya tsira. Aka sallami dogari ya koma ƙasarsu da turarensa. Iya ta tafa hannu ta ce, “Nan ta tsaya, ɓera ya ja kansa rami, mai ido biyu shi zai bi shi.” Mu kwashe da dariya muna satar kallon ɗakin Baba. Kowa ya san wace ce tsohuwar.

Sai zafi ya shigo, famfon unguwa ya ƙafe. Masu tura ruwa a kura suka koma inda ake gine-gine, can suka fi ciniki, mu sai an yi sa'a a tare ɗaya a bakin titi. Ruwa ya zama abin da ake aunawa da ido. Wata magariba kwano ya iso kanmu, Umma ta ɗaga shi za ta watsar, Baba ya tsayar da ita.

“Kar ki zubar. Ruwan da wannan sabulun ya shiga ai ya zama magani, babu abin da zai rayu a ciki.”

Iya ta gyara zama. “Yau dai Ma'aikaci ya yi maganar hankali. Na daɗe ina faɗa, albarka ake zubarwa.”

Wannan ne karo na farko da na ga bakinsu ya zo ɗaya, kuma ina jin da ma sun ci gaba da faɗansu. Umma ta dubi mijinta, ta dubi surukarta, ta ajiye kwanon. Daga ranar ba a ƙara canza ruwan ba. Har na rana akan rufe da faifai a ajiye wa dare. Kumfa fari fat a sama, ƙamshi na tashi, ga hannuwan mutanen da suka wuni a wurin gini da cikin motocin haya duk sun bi ta ciki. Mubarak ya zo ƙarshe ya tsoma nasa.

Wata rana da hantsi abin ya fara masa, amai da gudawa kamar an buɗe famfo. Umma ta haɗa ruwan gishiri da sukari, yana sha yana dawowa. Maman Ladi ta leƙo, ta taɓa cikinsa, ta ɗora hannu a ka, ta yi magana da Hausarta ta 'yan koyo.

“Maman Nura, yaron nan ta bushe fa! Dubi idonta ya shiga ciki. Ku tafi asibiti yanzu yanzu, abeg.”

Umma ta goya shi ta hau acaɓa, aka aika a kira Baba daga ofis. Ni aka bar ni da Iya. Ba ta hura wuta ba ranar, tana zaune da carbi, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta miƙe. Washegari kafin la'asar aka dawo da maigidanta a naɗe cikin zanen Umma. Ban taɓa sanin yana da ƙanƙanta haka ba.

Bayan sadakar uku aka zauna cin tuwo, baranda cike da 'yan ta'aziyya. Kwano ya zaga kamar kullum, hannu bayan hannu, har ya iso gabana. Na duba gefena na dama don in san inda zan miƙa shi in na gama, babu kowa. Sai a lokacin na gane ni ce auta yanzu. Na nannaɗe hannun riga zan tsoma, na ji Iya ta damƙe wuyan hannuna, damƙa mai zafi.

Ta jawo fitilar ƙwai kusa. Ta sa gefen tafinta ta ture kumfar gefe guda, ta sunkuya da idon nan nata mai ciwo, ta daɗe tana kallo. Ni ma na leƙa. Ruwan ya yi launin toka, ga yashi kwance a ƙasa, ga wani maiƙo yana yawo. Ta miƙe da kwanon ta juye shi a rariya, ta ɗauko butar alwalarta, ta tsugunna a gabana. Baba ya miƙo mata sabulunsa, ga kuma nata a tsumma.

“Kawo ko wanne,” ta ce, ba ta dube shi ba. “Ba a nan gizo ke saƙar ba.”

Ta cuɗa mini hannu, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, tana zuba ruwa yana gangarewa ƙasa ya wuce. Tsohuwa ce mai furfura tsugunne a gaban yarinya, mutane na kallo.

A daren ta hura kurfoti. Ba mu roƙe ta ba, ita ta kira mu. Ba ta ce ga ta nan ba, ta shiga labarin Dogarin Ƙamshi kai tsaye, cinyarta babu kowa. Komai ya tafi yadda muka sani har zuwa inda Mutuwa ta koma tsutsa. Muna jiran tsohuwa ta ciro tsumma, sai muka ji ta ce, “Tsohuwar nan ita ta fafe rariyar da hannunta. Tun kafin a kawo dogari ta fafe ta, don ruwan gidan manya ya gangara gidan yara, wai albarka. Tana zaune a bakin rariyar tana yi wa dogari dariya, tsutsa ta bi ta tsakanin ƙafafunta.”

Yaya Nura ya ce, “Iya, ba haka take ba.”

“Haka take,” ta ce. “Da can ne ban faɗe ta daidai ba.”

Ba ta rufe ta da zancen ɓera ba. Daga cikin ɗaki muka ji Baba yana kuka, irin kukan namiji da ba a so a ji. Da safe Iya ta sami ƙusa da dutse ta huda gindin kwanon, ta jefa shi bayan ɗaki. Ana fara shuka ta ce a mayar da ita gida, kuma ba ta sake taka Abuja ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ba wanda zai rantse cewa daga kwanon nan cutar ta fito, a shekarar da rabin unguwa ke shan ruwan da ba a san tushensa ba. Amma da na girma na yi ta tambayar ma'aikatan lafiya, kamar mai sosa tsohon tabo, kuma amsarsu guda ce. Wanke hannu na yau da kullum ba ya bukatar sabulun magani. Kowane sabulu ya isa, in dai an cuɗa sosai, ruwan mai tsabta ne, kuma zuba shi ake yi ya tafi da daudar. Wato na Baba da na Iya duk za su yi aiki. Na daɗe ina jin haushin su biyun, har na haihu na gane cewa kowannensu abin da ya fi yarda da shi ya miƙa wa yaron, don yana sonsa. Wannan ya fi haushin ciwo.

Yanzu ina unguwar Gudu da iyalina. Maigidana kan sayo sabulun magani in ya ga dama, ba na musu da shi, in ya ƙare na sa na wanka. Abu ɗaya ne ba na sassautawa. Babu kwanon wanke hannu a gidana ko da baƙi sun cika falo, in famfo ya ɗauke ni nake zagawa da buta, kuma daga ƙarami nake farawa. Surukata ta ce wannan rashin ta ido ne, na ce na ji. Kwanan baya autana ya ɗago kai, ruwa na bin yatsunsa, ya ce, “Umma, me ya sa kullum ni ne farko?”

Na ce masa, “Akwai wani auta da ya jira kowa ya gama.”