Sunan da Ya Fito a Gefen Layi

A wurin aikin maigidana ba mai kiran sunansa na yanka. Malam Duba-Tukuna suke ce masa, kuma wallahi sunan ya biyo shi har gida. Mutum ne da in ya kulle ƙofa sai ya dawo ya ja kwaɗon, in na aike shi kasuwa sai ya kira ni daga bakin shago ya maimaita mini abin da na faɗa masa da bakina. Na yi faɗa har na gaji, na haƙura.

Aikinsa kula da manyan kwamfutoci ne a wani kamfani da ke ajiye wa shaguna bayanan kayansu. Na taɓa leƙa ɗakin: sanyi kamar cikin firij, ba taga, injuna a jere suna ta gurnani, kujerarsa ta lotsa daidai jikinsa. Shi ba ya danna hotuna kamar sauran mutane. Baƙin allo ne a gabansa, yana rubuta umarni, na'ura tana bi. Tun yana saurayi yana gyaran rediyo a shagon kawunsa ya kamu da son irin wannan aiki, har furfura ta same shi a kai.

Duk wanda aka ɗauka sabo, kusa da shi ake zaunar da shi. "Kafin ka rubuta rm ka share abu," yakan ce, "fara rubuta ls a wurinsa, ka ga abin da za ka share da idonka. A nan ba kwandon shara, abin da ya tafi ya tafi." Ko kuma, "Dogon umarnin da ka rubuta jiya ka manta, kar ka wahalar da kanka. Danna Ctrl da R, rubuta ɗan abin da ka tuna, zai fito." Ni da ko kunna kwamfuta ba na so, duk na haddace su, don a wurin cin abinci ake karanta mini.

Akwai kuma abin da suke kira git, mai riƙe tarihin rubutunsu, wa ya canja me. In an rubuta git blame, sai sunan mutum ya fito a gefen kowane layi. Maigida yakan ce wannan umarnin magulmaci ne mai gajeren tunani, wanda ya taɓa layin daga ƙarshe kawai yake tonawa, ko da tazarar da ke tsakanin kalmomi kawai mutum ya gyara. In ana son ainihin wanda ya rubuta, sai an ƙara masa -w a gaba.

Cikin waɗanda ya koya wa akwai wata mata mai 'ya'ya biyu, wadda ita ke riƙe da gidansu. Tsintsiya suke ce mata, don ba ta iya ganin rubutu a karkace ta wuce, sai ta jera layukan sun yi daidai. Ya sha yabonta a gabana har na fara cewa, to, a kai kasuwa mana.

Wata safiya rubutun da ke share tsofaffin fayil ya haɗa da bayanan wani kantin magani, har da kwafin ajiya. Mai kantin ya zo yana kumfar baki. Manaja ya tara su, ya buɗe rubutun a babban allo, ya gano layin da ya yi ɓarnar, ya rubuta git blame. Sunan Tsintsiya ya fito. Kwanakin baya ta share ƙurar wannan rubutun, ta daidaita tazararsa. Layin kuwa maigidana ne ya rubuta shi tuntuni, ranar da yake sauri bai duba ba. Manaja ya juyo ya ce, "Malam, kana da abin cewa?" Sai maigida ya girgiza kai. Aka ɗauke ta daga injuna aka mayar da ita teburin amsa waya, aka ce ƙarshen wata za a yanke ko tana nan ko ba ta nan.

Ni ban san komai ba. Na dai ga mutum ya daina cin abinci, ya daina karanta mini dabarunsa, ya fita bai ja kwaɗo ba. Daga nan ya ce kansa na ciwo, ya ɗauki hutu. Ina guga da rana ya zo ya tsaya a bayana kamar wanda aka aiko, ya zayyana mini komai.

Na ajiye dutsen gugar. "Baban yara, kai da bakinka ka koya mini -w ɗin nan. Ni ma da ina wurin da na faɗa!"

"Na sani."

"To me ya riƙe maka harshe? Kora kake tsoro?"

"Ba kora ba," ya ce. "Sunan. A ce Duba-Tukuna bai duba ba."

Raina ya ɓaci, na ce lallai laifi tudu ne. Matar mutane tana can tana lissafin abin da za ta gaya wa 'ya'yanta, kai kana nan kana lallaɓa suna. Na ji tausayinsa, amma ban nuna masa ba, don bai cancanta ba a ranar.

Ana gobe ƙarshen wata, da la'asar, aka yi sallama. Tsintsiya ce, ta zo duba mara lafiya, da ledar lemo a hannu. Ta gaishe ni, ta gaishe shi, "Malam, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Kunya ta rufe ni kamar ni na yi. Na kawo mata ruwa, na ƙi fita daga falon.

Ya tashi ya ɗauko kwamfutarsa, ya buɗe rubutun, ya tura mata a kan tebur. "Rubuta git blame," ya ce, "ki ƙara -w."

Ba ta taɓa kwamfutar ba. Ta dube shi ta ce, "Na rubuta, Malam. Tun ranar, da aka tashi daga taron. Ai kai ka koya mini a satina na farko."

"To me ya sa ba ki nuna wa Manaja ba?"

"Na ce Malam ne, shi zai faɗa. Kullum in an buɗe ƙofa sai in ɗaga kai." Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Ni dubiya na zo. Allah ya ba da lafiya."

Ruwan ma ba ta sha ba. Ya zauna yana kallon ledar lemon har aka kira magariba.

Washegari ya je ya rubuta umarnin a gaban Manaja da kowa, sunansa ya fito a babban allon. Aka ba shi gargaɗi, aka mayar da ita kujerarta. Ba a kore shi ba, sunan ma ba a ƙwace ba, har yau Duba-Tukuna suke ce masa, sai dai yanzu ba ya murmushi in an faɗa.

Na tambaye shi kwanaki ko sun shirya. Ya ce ai ba faɗa suka yi ba, tana gaishe shi kullum da ladabi, tana tambayar yara. Ya juya cokali a kofi. Sai ya ce kujerarta na nan kusa da tasa kamar da, amma in ta maƙale a aiki tashi take yi ta tsallake shi, ta je can ƙarshen ɗaki ta tambayi wani.